Amsa: Musulmin da suka rubuta waƙoƙin fim ɗin Indiya, wai soyayya kawai suka sani?

Tambayar da aka yi min ita ce: "Malam, na ji ana cewa yawancin waɗanda suka rubuta waƙoƙin tsofaffin finafinan Indiya Musulmi ne. To su ba su ga halin da 'yan'uwansu Musulmi ke ciki a can ba ne, sai dai fure da farin wata da hawayen masoya? Kuma wai ma sana'a ce da take ci da mutum?"

Toh ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Sahir Ludhianvi, Majrooh Sultanpuri, Shakeel Badayuni, Hasrat Jaipuri, Kaifi Azmi, duk Musulmi ne, kuma duk mawaƙan Urdu ne tun kafin su leƙa harkar fim. Waƙoƙin Mother India na 1957, wanda iyayenmu suka kalla har suka haddace a silimun Kano da Jos da Kaduna, Shakeel ne ya rubuta su, Naushad ya yi kiɗan. Dalili kuwa ba wani ɓoyayye ba ne, yaren da ake waƙar fim da shi ana ce masa Hindi a takarda amma idan ka saurara da kunnen Bahaushe za ka ji muhabbat, dunya, kismat, wakt, intizar, insaf, kalmomin Larabci da Farisanci ne da Urdu ta ɗauko, kuma masu wannan yaren a hannu su ne aka nema. Amma maimakon in bi su ɗaya bayan ɗaya in yi ta jero maka sunaye, gara in kama mutum guda in bi rayuwarsa da kai, saboda amsar tambayoyinka biyun duk tana cikinta. Kaifi Azmi zan kama, shi na fi karantawa a shekarun da na yi a can ina koyon Urdu, kuma shi ne na ga ya fi fuskantar maganar gaba da gaba.

Sunansa na yanka Athar Husain Rizvi, an haife shi 1919 a wani ƙauye Mijwan a gundumar Azamgarh, jihar Uttar Pradesh, gidan 'yan Shi'a ne masu gonaki. Kaifi laƙabin waƙa ne, su suna ce masa takhallus, sunan da mawaƙi yake sakawa a baitin ƙarshe, kamar dai yadda namu mawaƙan rubutacciyar waƙa suke rufewa da cewa wane ɗan wane ne ya yi ta. Azmi kuma nisba ce ga Azamgarh, kamar ka ce Bakano ko Bazazzagi. Yana ɗan shekara 11 ya karanta waƙarsa ta farko a gaban manya, aka tafa masa amma ba wanda ya yarda shi ya rubuta, har mahaifinsa ya ɗauka yayyensa ne suka rubuta masa tunda su ma mawaƙa ne. Sai aka ba shi ɗango ɗaya aka ce to ɗora a kai mu gani, ya zauna ya ƙera gazal cikakkiya, wato waƙar Urdu mai baitoci 'yan ƙwar biyu, wadda daga baya shahararriyar mawaƙiya Begum Akhtar ta rera ta ta zagaye ƙasar.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan taron da suke ce wa mushaira, don in ba ka gane shi ba ba za ka gane inda mawaƙin Urdu yake samun ƙarfinsa ba. Ni na halarci wani a lokacin sanyi, an fara bayan isha'i ba a tashi ba sai gab da asuba, mutane zaune a kan darduma cikin barguna, mai shayi yana zagayawa, akwai farfesa akwai mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Mawaƙi zai faɗi ɗangon farko ya yi shiru, sai ka ji jama'a sun maimaita masa, ya sake faɗa yana ja musu rai, kowa yana ƙoƙarin cankar amsa-amon da zai rufe da shi, yana sauke ɗango na biyu wurin ya kece da wah wah, wani tsoho kusa da ni har buga cinyata yake yi bai ma san ni ba, ana ta cewa a maimaita. Kuma ma'aunin da suke amfani da shi arulin Larabci ne da ya biyo ta Farisa, su Ramal da Hazaj da Mutaƙarab, shi ne dai wanda malamanmu suka gina waƙar Hausa a kai. Don haka mawaƙi a can ba mutum ne da ke ɗaki shi kaɗai da biro ba, mutum ne mai jama'a, in ya yi magana a baiti gobe kasuwa ta ɗauka.

Iyayen Kaifi malami suka so ya zama, aka kai shi Sultanul Madaris a Lucknow, babbar makarantar addini ta 'yan Shi'a. Can ya haɗa ƙungiyar ɗalibai ya ja yajin aiki, aka kore shi. Daga nan Kanpur, garin masaƙu da masana'antun fata, ya faɗa cikin leburori yana karanta musu waƙa a ƙofar masana'anta, ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu ta Indiya, zuwa 1943 ya koma Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, yana aiki a jaridar jam'iyyar ta Urdu mai suna Qaumi Jang. Ni duk lokacin da na zo nan a tarihinsa Sa'adu Zungur nake tunawa, ɗan gidan malamai da ya sha karatu ya ƙoshi sannan ya juya alƙalaminsa kan masu mulki, duk da dai Sa'adu bai saki layin addini ba shi kuwa Kaifi ya yi nisa a gurguzu, wannan bambancin babba ne kuma zan dawo kansa.

Yanzu ga maganar ko sana'ar tana ci da mutum. A 1947 ya je mushaira a Hyderabad ya karanta wata waƙarsa mai suna Aurat, wato mace, inda yake ce mata tashi masoyiyata, tare za mu yi tafiyar nan, ba a bayana za ki tsaya ba. Wata budurwa Shaukat tana wurin, an riga an yi mata baiko da wani, ta ce ita fa sai wannan, rigima ta tashi a gidansu, ƙarshe mahaifinta da kansa ya ɗauko ta ya kawo ta Bombay ya nuna mata irin talaucin da mutumin yake ciki, ta ce ta ji ta gani, aka ɗaura. Alawus ɗin da jam'iyya take ba shi a wata bai kai rupi 50 ba. Ɗansu na fari ya rasu yana jariri. Shekaru suka yi a wani gidan tarayya na jam'iyya da ake kira Red Flag Hall, iyali 8 kowa ɗaki ɗaya, banɗaki na haɗaka, a nan 'yarsu Shabana Azmi ta yi ƙuruciyarta, eh wannan dai jarumar da ka sani. Shaukat ta shiga wasan daɓe a kamfanin Prithviraj Kapoor don a samu na cefane. Kaga kenan waƙar littafi da ta mushaira suna tana kawowa, ba ta kawo tuwo. Abin da ya tura shi fim kenan, ciki ne da iyali, waƙoƙinsa na farko a fim ɗin Buzdil ne na 1951 wanda Shaheed Latif ya ba da umarni.

Kuma shi bai taɓa yaudarar kansa a kan aikin ba. A tsarin Bombay mai kiɗa ne yake fara ƙera karin, ya zauna da harmoniyam yana rera la la la, darakta ya ce ga abin da ke faruwa a wurin, jaruma ta rabu da jarumi ana ruwan sama, sannan a juyo ga mawaƙi a ce cika mana da kalmomi, gaɓa ta hau gaɓa ba ƙari ba ragi. Kaifi ya kwatanta abin da cewa kamar a fara haƙa kabari ne sannan a tafi neman gawar da za ta yi daidai da shi. Duk wanda ya taɓa jin masu bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙar Indiya su zuba masa yabon Annabi (SAW) da Hausa, ya san wahalar da ake magana, kari ya riga ka zuwa, kai ne za ka lanƙwasa harshe. Ga furodusa kuma mai camfi, don bayan Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt ya faɗi a kasuwa a 1959 duk da waƙoƙinsa sun yi kyau, aka fara raɗe-raɗin cewa Kaifi farar ƙafa gare shi. Darakta Chetan Anand ne ya zo ya same shi, Kaifi ya ce ka san dai abin da ake faɗa a kaina, shi kuma ya ce ai ni ma haka ake faɗa a kaina, mu haɗu ko rashin sa'a biyu za ta haifi sa'a. Suka yi Haqeeqat a 1964, ya karɓu. Bayansa Kaifi ya rubuta duk maganganun fim ɗin Heer Raanjha na 1970 a baiti, daga farko har ƙarshe ba wanda ya yi magana da zube, ya rubuta waƙar nan Chalte Chalte ta Pakeezah, ya zo har Arth a 1982. Ya samu rufin asiri, amma bai yi kuɗi irin na jarumai ba, gidan haya ya zauna a unguwar Juhu shekara da shekaru.

To sai ɓangaren da ya fi damunka, halin Musulmi. A nan sai ka fara riƙe 1947, shekarar da Turawan Ingila suka tafi aka tsaga ƙasar biyu, Indiya da Pakistan, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, waɗanda aka kashe kuwa lissafi yana kamawa daga dubu ɗaruruwa har miliyan da wani abu. Dangin Kaifi na kusa sun tafi Karachi a Pakistan, shi ya zauna. Musulmin da suka zauna wajen miliyan 35 ne a ƙidayar 1951, a ƙidayar 2011 sun kai miliyan 172, kashi 14.2 cikin ɗari. Wato tsiraru ne da suka fi yawancin ƙasashen Musulmi yawa, amma tun ranar da aka raba ƙasa aka rataya musu tambaya ɗaya a wuya, me ya sa ba ku tafi ba, kuma yaushe za ku tafi. Shekara sama da 20 masana'antar fim ta Bombay, wadda Musulmi suka cika ta, kusan ba ta taɓa wannan tambayar kai tsaye ba. In an nuna Musulmi ko dai sarki ne na zamanin Mugal, daular Musulmi da ta taɓa mulkin Indiya, ko basarake mai shan lofe yana sauraron gazal, ko tsoho mai kirki maƙwabcin jarumi. Jaruman ma da yawa sunan Hindu suke aiki da shi, Dilip Kumar Yusuf Khan ne, Meena Kumari Mahjabeen ce. Don haka zarginka yana da tushe, ban ce ba shi da shi ba.

Wanda ya fasa wannan shirun shi ne Garm Hava, ma'ana iska mai zafi, an gama shi 1973, M. S. Sathyu ya ba da umarni, asalin labarin na marubuciya Ismat Chughtai ne, Kaifi da Shama Zaidi suka mayar da shi fim, Kaifi ya rubuta maganganun. A asalin labarin shugaban tashar jirgin ƙasa ne yake kallon mutane suna ta tafiya, Kaifi ya mayar da shi mai masana'antar takalma a Agra, saboda ya san harkar fata da leburorinta tun zamansa cikin ƙungiyar ƙwadago. Wannan canjin shi ya ba fim ɗin haƙora. Don ma'aikacin gwamnati albashinsa yana zuwa, ɗan kasuwa kuwa da amana yake rayuwa, kuma amanar ce aka fara janyewa.

Salim Mirza sunan mutumin, Balraj Sahni ya fito a matsayinsa, kuma washegarin ranar da ya gama ɗora murya ya rasu. Babu yanka babu ƙone-ƙone a gaban kyamara kamar yadda za ka zata, abin a hankali yake cin mutum kamar gara. Yayan Salim mai suna Halim ɗan siyasa ne da ya sha rantsuwa a kan mumbari cewa ba inda za shi, sai ga shi ya sulale Pakistan. Gidan gadon kuwa da sunan Halim yake a takarda, doka kuma ta ce duk dukiyar wanda ya yi hijira ta koma hannun hukuma, sai aka karɓe gidan aka sayar wa wani ɗan kasuwa Hindu da shi ma gudun hijira ya yi daga Sindh, yankin da ya faɗa Pakistan. Salim ya je banki neman rance aka ce a'a, Musulmi suna karɓar bashi su tsallaka iyaka, masu ba da bashi da ya shekara yana hulɗa da su su ma suka noƙe. Ya fita neman gidan haya, ana jin sunansa sai a ce an riga an bayar. Ɗansa Sikandar ya gama digiri yana yawon neman aiki ana ce masa me zai hana ka gwada can. 'Yarsa Amina samari biyu suka yi mata alkawari, Pakistan ta cinye su duka, ta kashe kanta. Shi kansa aka zarge shi da leƙen asiri, kotu ta wanke shi amma a titi ba wanda ya wanke shi. Shaukat matar Kaifi ita ta fito a matar Salim.

Wurin da ni ya fi tsaya min a rai shi ne na tsohuwar, mahaifiyar Salim. Ranar da za a bar gidan gado an ɗaure kaya an neme ta an rasa, ashe ta shige ɗakin ajiyar itace ta ƙudundune, ta ce ita a gidan nan aka kawo ta amarya kuma daga nan za a ɗauki gawarta, sai ɗaukarta aka yi cak. A gidan hayar ta zaɓi ɗakin sama don daga can tana hango tsohon gidan. Da ciwon ajali ya zo aka roƙi sabon mai gidan alfarma ya yarda, aka ɗauko ta aka shigo da ita tsakar gidan, ta ɗaga ido tana kallon bango tana jin kiɗan ranar bikinta a kunnenta, a nan ta cika. Duk wanda a danginsu aka taɓa sayar da gidan gado tsohuwa tana raye ba sai an fassara masa wannan ba. Ka lura kuma ba a mayar da mai sayen gidan mugu ba, shi ma korarre ne, wannan adalcin na Kaifi ne da abokan aikinsa.

A ƙarshe Salim ya gaji ya ce shi ma tafiya zai yi, suna cikin keken doki za su tasha sai suka ci karo da zanga-zangar masu neman aiki da abinci, Sikandar ya dira ya shiga, uban ya ɗan yi jim sannan ya ce wa mai keken ya mayar da matarsa gida, shi ma ya bi sahu. Sai muryar Kaifi da kansa ta rufe da baiti, ma'anarsa wanda ya tsaya daga nesa yana kallon guguwa, to guguwa tana can tana nan, amma in ka shiga cikin kogin ka zama kogin. Hukumar tace finafinai ta riƙe fim ɗin watanni tana tsoron fitina, daga baya ya fita a 1974, ya je bikin Cannes a Faransa, gwamnatin da ta yi ɗari-ɗari da shi ta ba shi lambar fim mafi haɗa kan ƙasa, Kaifi ya kwashi lambobin yabon finafinai na Filmfare.

Ra'ayina a kan wannan ƙarshen, in faɗa maka gaskiya, jam'iyya ce ta rubuta shi ba rayuwa ba. Awa biyu ana nuna maka cewa saboda sunansa ake hana shi gida da rance, sai a minti biyar na ƙarshe a ce maganin shi ne ya shiga jerin gwanon talakawa na kowane addini. Kyakkyawan fata ne, amma masaƙun Bombay da Kaifi ya dogara da leburorinsu sun durƙushe bayan dogon yajin aikin 1982, unguwannin da a da jar tuta take kaɗawa Shiv Sena, jam'iyyar masu tsattsauran ra'ayin Hindu, ta gaje su. Kuma a 2008 Shabana da bakinta ta faɗa a hira cewa ita da mijinta Javed Akhtar sun nemi sayen gida a Mumbai an hana su saboda Musulmi ne, ka ji fa, 'yar wanda ya rubuta wancan wurin na neman haya, shekara 35 bayan fim ɗin, kuma tana cikin shahararrun ƙasar. Rahoton kwamitin Sachar na 2006, wanda gwamnati ta kafa don duba halin Musulmi, ya nuna Musulmi kashi 3 ne kacal cikin ɗari a babban aikin mulki na tarayya, kashi 4 a manyan jami'an 'yan sanda. Don haka ciwon da ya gano daidai ne, maganin ne ban gamsu da shi ba.

Akwai kuma yaƙin yare, wanda mutanenmu ba su cika sani ba. Bayan rabuwa Pakistan ta ɗauki Urdu yaren ƙasa, a Indiya sai aka fara kallonta yaren Musulmi, aka ture ta daga makarantu da ofisoshi a Uttar Pradesh inda nan ne gidanta, har aka wayi gari jama'a suna rera waƙar Urdu a fim amma ba sa iya karanta rubutunta. An ba Kaifi lambar girma ta Padma Shri, an ba shi ta Sahitya Akademi, cibiyar adabi ta ƙasa, a 1975 saboda diwaninsa Awara Sajde, amma Shabana ta ba da labarin cewa ya mayar da Padma Shri ɗin lokacin da wani babban ɗan siyasar jihar ya ce masu neman a mayar da Urdu yaren hukuma na biyu a ɗora su kan jaki a zaga gari da su. Sai 1989 jihar ta amince da Urdu a wannan matsayin.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa game da salon Kaifi shi ne bai taɓa rubutu da muryar baƙo mai neman alfarma ba, da muryar ɗan gida yake yi, har kayan gadon Hindu yana ɗauka ya yi aiki da su kamar nasa. A waƙar sojoji ta Haqeeqat, wadda Mohammed Rafi ya rera kuma har gobe ake sakawa ranar bukukuwan ƙasa, kan yaƙin Indiya da Sin na 1962, ya ɗauko labarin Ram ne. Ram a wurin Hindu abin bauta ne kuma sarkin Ayodhya, an kore shi daji shekara 14, mugun sarki Ravan ya sace matarsa Sita, ƙanin Ram mai suna Lakshman ya taɓa zana layi a ƙasa don tsare ta. Kaifi ya ce wa sojojin ku ja layi da jininku kada wani Ravan ya tsallako, ku ne Ram ku ne Lakshman. Ba shi ya fara ba, babban mawaƙin Urdu Iqbal ma ya yi wa Ram waƙa tun kafin a raba ƙasa.

To ranar 6 ga Disamba 1992 dubban masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, wanda aka gina tun 1528 da sunan Babar sarkin Mugal na farko, suna cewa nan ne mahaifar Ram. Rikicin da ya biyo baya ya ci mutum wajen 2,000 a faɗin ƙasar, a Bombay kaɗai wajen 900 tsakanin Disamba da Janairu, mafi yawansu Musulmi. Kaifi yana da shekara 73, rabin jikinsa a shanye. Wani zai zata zai yi waƙar kukan masallaci ne ko ya kira Musulmi su tashi, sai ya rubuta Doosra Banwas, wato kora ta biyu, ya saka maganar a bakin Ram ɗin da kansa. Ram ya dawo gida daga daji ya tarar da mahaukata suna rawa a tsakar gidansa, yana mamakin ta ina suka shigo. Ya ce musu abokaina, har wuƙarku ma wai ba ta cin nama, kun ce Babar kuke jifa, to laifin kaina ne kenan da duwatsun suka fasa shi. Ya gangara kogin Sarayu zai wanke ƙafa ya ga tabon jini, ya miƙe bai wanke ba, ya bar garin yana cewa iskar babban birnina ba ta karɓe ni ba, ranar 6 ga Disamba aka sake kora ta. Wallahi in ka ji yadda yake karanta ta da wannan muryar tasa mai kauri sai tsigar jikinka ta tashi. Dabarar ita ce ya ƙwace musu Ram ɗin, ya ce ku da kuke ihu da sunansa ku kuka kore shi, kuma ba mai iya yin haka sai wanda ya san labarin kamar su ko fiye. Kotun ƙoli dai ta ba wa ɓangaren Hindu filin a 2019, aka buɗe haikalin Ram a wurin a Janairun 2024.

A 1995 kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya fito a fim, Naseem na Saeed Akhtar Mirza, a matsayin kaka mara lafiya a kwance yana ba jikarsa labarin Agra ta da, talabijin a falo yana ta kawo labarin Ayodhya, jikansa namiji yana ta ƙara zafi, tsohon ya cika ranar da aka rushe masallacin.

Na ce zan dawo kan addini. In kana neman mawaƙin da zai kare Musulmi da aya da hadisi, ba Kaifi ba ne, ɗan gurguzu ne har ya mutu da katin jam'iyya, yana sukar malamai masu rura wuta kamar yadda yake sukar na Hindu, ni kaina akwai baitocinsa da ba na iya bin sa a kansu. Sannan Sayyid ne ɗan masu ƙasa, alhali mafi yawan Musulmin Indiya masaƙa ne da mahauta da masu wanki da makamantansu, waɗanda yanzu ake kira Pasmanda, kuma suna ƙorafin cewa manyan gidaje ne suka daɗe suna magana da yawunsu. Salim Mirza ma ai mai masana'anta ne, ba mai ɗinkin takalmin ba. Sai dai a waƙarsa Makaan, wadda ta fara da cewa yau iska mai zafi take kaɗawa barci ba zai yiwu a gefen titi ba, magina yake magana a kansu, waɗanda suka gina benaye aka kafa musu mai gadi a ƙofa, kuma a can bai tambayi addinin kowa ba.

Shanyewar ɓarin jikin ta same shi ne a farkon 1973, hannu da ƙafar hagu suka tafi. Maimakon ya kwanta a Bombay sai ya riƙa komawa Mijwan, ƙauyen da ba titi ba gidan waya ba makarantar kirki, yana kan keken guragu yana bin ofisoshin gwamnati da takarda har aka yi titi, aka kawo gidan waya, aka buɗe makarantar 'yan mata da wurin koyon ɗinki, a 1993 ya kafa ƙungiyar raya ƙauyen wadda Shabana ta ci gaba da riƙewa. Ya rasu 10 ga Mayu 2002 a Mumbai, wata biyu da 'yan kwanaki bayan fara kashe-kashen addini a jihar Gujarat. Bayan rasuwarsa hukumar jiragen ƙasa ta saka wa jirgin da ke tashi daga Azamgarh zuwa Delhi suna Kaifiyat, sunan kundin waƙoƙinsa. In ka hau shi daga Delhi da dare zai bi da kai Kanpur inda ya fara da leburori, ya bi Lucknow inda aka kore shi daga makaranta, da safe kuma yana tsayawa a tashar Ayodhya kafin ya ƙarasa Azamgarh.